Bayan An Kulle Ƙofar Masana'anta, Wa Ke Duba Ruwan da Ke Ƙarƙashinta?

 



Idan masana'anta ta durƙushe, lissafin da muke yi sananne ne. Mutum nawa suka rasa aiki, nawa ake bin kamfanin na haƙƙin sallama, wa zai sayi injinan, wa zai samu filin. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da jiniyar masaƙu ke tashin gari, ya kuma gan ta bayan rufe masaƙun KTL da Arewa da UNTL a shekarun 2000, ya san ciwon wannan lissafi. Haka Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, inda wasu gine-ginen suka koma sito, wasu aka yanka su fuloti. Akwai wani lissafi guda da ba a cika yin sa ba, shi ne na abin da masana'antar ta zubar cikin ƙasa tsawon shekara talatin ko arba'in tana aiki. Mai kamfani ya kwashe ya tafi, maigadi ma ya gaji ya tafi, amma wannan ajiya tana nan, kuma tafiya take yi a hankali zuwa inda ake jan ruwa. A kanta zan yi magana yau, da kuma yadda ake sa mata ido.

Da yawanmu mun ɗauka akwai wani kogi ne a ƙarƙashin ƙasa wanda mai haƙa burtsatse ke sokowa. A mafi yawan ƙasarmu ba haka abin yake ba. Ku tuna rafin da ya ƙafe da rani, mata su tona yashi kamu ɗaya ko biyu, ruwa ya tsattsafo su kwarfa da ƙwarya. To haka ruwan ƙasa yake: yana maƙale ne a 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, da cikin tsagar dutse. A birnin Kano da Kaduna, abin da ke ƙarƙashinmu tsohon dutse ne mai tauri, samansa kuma rugurgujajjen dutse da ya zama marmara da yashi da yumɓu. Rijiyoyinmu na gida a wannan rugurgujen suke shan ruwa, burtsatse kuma yakan zarce ya nemi tsaga a cikin dutsen. Ruwan nan ba a tsaye yake ba. Yana gangarawa daga tudu zuwa kwari, sai dai tafiyarsa ta hawainiya ce. A wani wuri 'yan mitoci kaɗan zai ci a shekara guda. Saboda wannan jinkiri, abin da aka zubar yau zai iya ɗaukar shekara goma ko ashirin kafin ya iso rijiyar maƙwabci, lokacin wanda ya zubar ya daɗe da barin gari.

Bari in kai ku wani ƙaramin gari a Amurka, domin abin da ya faru a can an rubuta shi dalla-dalla, an yi shari'a a kansa, kuma garin yana da wata dangantaka da mu: garin majema ne. Sunansa Woburn, a jihar Massachusetts, arewa da birnin Boston kaɗan. Fiye da shekara ɗari ana jima a garin, ana yin sinadarai da gam daga ragowar fatu. Wani ƙaramin kogi mai suna Aberjona ya ratsa gabashinsa.

A 1964 hukumar garin ta haƙa babbar rijiya a bakin wannan kogi don ƙara ruwan famfo, aka kira ta rijiyar G. A 1967 aka ƙara ta biyu, rijiyar H. Ba a jima ba mutanen gabashin garin suka fara ƙorafi. Ruwan yana wari, yana da wani ɗanɗano, yana ɓata kayan wanki, yana cin bututu. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Amma duk lokacin da aka kai kuka sai a ce an gwada, ruwan lafiya lau. Kuma an gwada ɗin, sai dai gwajin da ake yi a lokacin na ƙwayoyin cuta ne da ƙarfe da makamantansu. Ba wanda ya nemi sinadaran masana'antu, don haka ba wanda ya gan su. Ina roƙon ɗalibai su riƙe wannan da kyau: ɗakin gwaje-gwaje abin da ka tambaye shi kawai yake amsa maka. In ka kai ruwa ka ce a duba maka ƙwayoyin kwalara da taifot, takardar da za ta fito ba ta ce komai ba game da dalma ko kuromiyam.

A 1972 aka gano ciwon sankarar jini a jikin wani yaro ɗan shekara uku, Jimmy Anderson. Mahaifiyarsa, Anne Anderson, tana kai shi asibiti a Boston sai ta riƙa cin karo da iyaye 'yan unguwarsu a ɗakin jira, su ma da 'ya'yansu, ciwo iri ɗaya. Ta ce ruwan nan ne. Likitoci ba su ɗauki maganarta da nauyi ba, har wasu na kusa da ita suna ganin baƙin ciki ne ya dame ta. Sai a watan Mayu na 1979, bayan an tsinci ganguna 184 da wani ya jibge da dare kusa da kogin, jami'an jiha suka ɗebi ruwan rijiyoyin biyu suka gwada shi da na'urar da ke iya gano irin waɗannan sinadarai. Suka sami wani abu da ake kira TCE, wani ruwa ne da ake wanke maiƙo daga jikin ƙarafan inji da shi, har maikurogiram 267 a kowace lita a rijiyar G. Iyakar da Amurka ta sa daga baya a ruwan sha maikurogiram 5 ce. Kuma ba daga gangunan nan ya fito ba, abin da ke cikinsu daban ne. Gubar ta riga su zuwa. A cikin wannan wata aka rufe rijiyoyin, ba a sake buɗe su ba har yau. Da hukumomin lafiya suka ƙirga, sai suka tarar yara 12 ne suka kamu da sankarar jini a garin daga 1969 zuwa 1979, alhali a gari mai wannan yawan jama'a biyar ko shida ake tsammani. Jimmy ya rasu a 1981.

A 1982 aka shigar da ƙara a madadin iyalan da abin ya shafa, waɗanda suka kai takwas. Waɗanda ake ƙara su ne kamfanin W. R. Grace, mai masana'antar ƙera injina a gabas da kogin, da kamfanin Beatrice Foods, wanda ya sayi wata tsohuwar majema da filinta a yamma da kogin. Wani kamfanin wanki mai suna UniFirst ya sasanta tun kafin a fara sauraro. An shiga shari'a a 1986, kuma a nan ne abin da ya kawo ni gabanku ya fito fili.

Alƙali ya ce kafin a yi maganar rashin lafiya, sai an fara tabbatar da cewa sinadaran waɗannan kamfanoni sun isa rijiyoyin, kuma a faɗi yaushe suka isa. Yaushe? Rijiyoyin sun yi shekara goma sha biyar ana sha, amma ma'auni na farko na TCE da ke hannun kowa shi ne na 1979. Daga 1964 zuwa ranar, babu ko kwalba ɗaya da aka gwada don wannan. Sai kowane ɓangare ya ɗauko masanansa, kowa da taswirarsa da lissafinsa, wannan ya ce gubar ta iso cikin 'yan shekaru, wancan ya ce ƙasar wurin tauri gare ta, ba yadda za a yi ta iso kafin a rufe rijiyoyin. Lauyoyin Beatrice kuma suka ce ai kogi ya raba filinsu da rijiyoyin, ruwan ƙasa ba zai tsallake kogi ba. An shafe kwana 78 ana wannan. A ƙarshe masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke Beatrice, suka kama Grace da laifi, amma amsoshinsu kan kwanan wata suka rikice har alƙali ya ba da umarnin a sake shari'a. Kafin a sake, Grace ya sasanta da iyalan a kan kimanin dala miliyan 8 ba tare da ya amsa laifi ba.

To, hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta yi wani gwaji a ƙarshen 1985 zuwa farkon 1986. Ta kunna injinan rijiyoyin G da H na kwana 30 ba tsayawa, ana zubar da ruwan, ana kuma auna zurfin ruwa a ƙananan rijiyoyin gwaji masu yawa da aka haƙa kewaye da su, ta kowane ɓangare na kogin. Rahoton ya fito a 1987, bayan shari'a ta wuce. Ya nuna cewa in injinan suna aiki, suna janyo ruwan ƙasa daga ɓangarorin biyu, ta ƙarƙashin kogin, har ma suna zuƙo ruwan kogin kansa. Wato inji mai ƙarfi yana sauya wa ruwan ƙasa alƙibla. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A unguwar da gida goma suka saka samasibul, ko aka buɗe gidan fiyawata, ko wurin da 'yan garuwa ke layi tun asuba, ruwan ƙasa yana karkatowa can, ya zo da abin da ya ɗauko a hanya.

Daga baya hukumar kare muhalli ta Amurka ta gano filaye biyar da gubar ke fitowa, har da na Grace da wancan fili na yamma da kogi. A 1991 kamfanonin suka amince da aikin gyara na kusan dala miliyan 70. A 1997 ma'aikatar lafiya ta jihar ta fitar da binciken da ya nuna alaƙa tsakanin ciwon yaran da ruwan da iyayensu mata suka sha lokacin da suke ɗauke da cikinsu. Har yanzu ana ɗibar ruwa a rijiyoyin gwaji na wurin, kuma duk bayan shekara biyar doka ta tilasta a sake duba aikin gaba ɗaya.

A arewacin Woburn akwai wani fili da ya fi kama da namu. An yi masana'antun sinadarai da gam a kansa daga 1853 zuwa 1969. Da suka rufe, wani mai gine-gine ya saya ya sa katafila don ya yanka filaye. Sai ƙasa ta fara aman tulin ruɓaɓɓun fatu da aka binne shekara da shekaru, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya game gari. Da aka auna, ƙasar cike take da asenik da dalma da kuromiyam, ruwan ƙarƙashinta kuma da asenik da benzin. Sai da aka rufe wuraren da shimfiɗa ta musamman, aka hana haƙa rijiya, aka rubuta hanin a takardun filayen, sannan aka yarda a yi gini. Tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a wurin a 2001 sunan Jimmy Anderson aka sa mata.

Abin da nake so mu ɗauka daga Woburn shi ne, ma'aunin da ba a yi ba a lokacinsa ba a rama shi. Kamfani yana da lauyoyi da masana. Talakan da ke bayan katangar masana'anta ba shi da wata hujja da ta wuce takardar da ke nuna a shekara kaza ruwan rijiyarsa kaza ne, bayan shekara biyar ya koma kaza. In babu wannan takarda, magana ta koma ka ce na ce, kuma mun san wanda ke cin nasara a irin wannan.

Yanzu bari mu zo ga yadda ake aikin.

Ba da injin haƙa ake farawa ba. Da tambaya ake farawa. Me aka yi a wannan fili, da me aka yi shi, ina ake zubar da ruwan wanki, ina tankin baƙin mai yake, ina ake ƙona shara, wane rami aka cike. Takardun kamfani sau da yawa sun ɓace ko an ɓoye su. Amma tsofaffin ma'aikata suna nan da ransu, a Kakuri da Nasarawa da Dakata da Ƙawaji, wasu suna gadi, wasu suna kan benci a ƙofar gida. Tsoho ɗaya da ya yi shekara ashirin a sashen rini zai iya tsayawa a kan daidai inda ramin yake, ya ce maka nan ne. A Woburn ma wani ma'aikacin Grace, maƙwabcin iyalan da abin ya shafa, shi ya fito ya faɗi yadda ake zubar da ruwan wanke inji a bayan masana'anta. Waɗannan ma'aikata namu suna tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. In da ni ke da iko da ayyukan ɗaliban ajin ƙarshe a jami'o'inmu, da na tura su wurinsu da biro da takarda tun bana.

Bayan haka sai rijiyar gwaji. Ba don sha ake haƙa ta ba. Siririya ce, bututun roba mai faɗin kamar inci biyu, ƙasansa an tsattsaga shi siri-siri don ruwa ya shiga a daidai zurfin da ake son dubawa. A zuba tsakuwa mai tsabta kewaye da tsagar, a ɗora wani irin yumɓu mai kumbura a samanta ya toshe, a bi da siminti har sama, a yi daɓe, a sa murfi da kwaɗo. Toshiyar nan ita ce ran aikin. In aka yi ha'inci a wurin, kamar yadda wasu masu haƙa burtsatse ke yi don su rage buhun siminti biyu, to rijiyar da kanta ta zama hanyar da ƙazantar sama za ta bi ta sauka cikin ruwa mai kyau.

Rijiya ɗaya ba ta gaya maka komai game da alƙibla. Aƙalla uku ake buƙata, safiyo ya auna tsayin bakin kowace, sannan a auna zurfin ruwa a cikinsu a rana ɗaya. Daga nan ake gane ta ina ruwan ke gangarawa. Dokar Amurka kan wuraren ajiye shara mai guba ta ce aƙalla ɗaya a sama, ta inda ruwa ke shigowa filin, uku a ƙasa, ta inda yake fita. Ta saman ita ce shaida. In ta fito da tsabta, na ƙasa suka fito da kuromiyam, to ba sai an kira boka ba.

Zurfin ma sai an yi tunani, saboda guba ba halinta ɗaya ba. Fetur da gas da kananzir sun fi ruwa sauƙi, a samansa suke kwanciya. Da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta binciki ƙasar Ogoni, rahotonta na 2011 ya ce a Nisisioken Ogale an sami tataccen mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙasa, mutane kuma suna shan ruwan da benzin ɗinsa ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. TCE da danginsa kuwa sun fi ruwa nauyi. Nutsewa suke yi har su tarar da dutse, su shige cikin tsaga, su zauna suna narkewa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Wanda ya duba saman ruwa kawai zai ce lafiya. Don ku ga girman abin: lita ɗaya ta TCE nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi ne, kuma ta isa ta kai ruwa lita miliyan 290 ga waccan iyaka ta maikurogiram 5. Jarka mai lita 25 fiye da miliyan 11 ke nan.

Ranar ɗibar ruwa, ba zuwa za a yi a zura guga ba. Ruwan da ya kwana cikin bututu ba shi ake nema ba, don haka sai a fara janye shi a hankali, ana duban zafinsa da tsaminsa da gishirinsa a na'urar hannu, har lambobin su daina motsi. Sannan a cika kwalabe, kowane sinadari da irin kwalbarsa. Na ƙarafa ana ɗiga masa ɗan asid don kada su manne a jikin kwalba. Na sinadarai masu tashi, irin su TCE da benzin, 'yar ƙaramar kwalbar gilashi ce mai mililita 40. Za ka ga ma'aikacin ya cika ta har ruwan ya yi tozo a baki, ya ɗaura murfi, ya kife ta, ya ƙwanƙwasa da yatsa yana kallo a hasken rana. In ya ga kumfar iska ko da kamar ƙwayar gero ce, ya zubar ya sake, domin abin da ake nema zai gudu cikin wannan iskar. Daga nan sai cikin kula da ƙanƙara, da takardar da duk wanda kwalbar ta bi ta hannunsa zai sa hannu da lokaci. Akan haɗa da kwalbar ruwa mai tsabta da ba a buɗe ta, ta je ta dawo tare da sauran. In aka sami wani abu a cikinta, an san a hanya aka ɓata aikin. Wanda ya ɗebo ruwa a tsohuwar gorar lemo, ya jefa a but ɗin mota, ya kai ɗakin gwaji bayan kwana uku, kuɗinsa kawai ya kashe.

Sai maimaitawa. A ƙasashen da suka daɗe da wannan aiki, sau huɗu a shekara ake farawa. Mu a nan, komai talaucin aljihu, kada a gaza biyu: ƙarshen bazara lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai, da ƙarshen damina lokacin da ya cika ya taso ya wanke abin da ke maƙale a ƙasar sama. Sakamako ɗaya ba ya nuna ko abu ƙaruwa yake ko raguwa. Sai an jera na shekara biyar, goma, sannan ake ganin inda aka dosa. Ma'aunin da ake kwatantawa da shi kuwa yana nan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maikurogiram 50 a lita ga kuromiyam, 10 ga dalma, 10 ga asenik, 10 ga benzin, kuma Najeriya tana da nata ma'aunin ruwan sha da hukumar SON ta fara fitarwa a 2007.

Me za mu nema a namu filayen? Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, abin da ƙasa ta san yadda za ta yi da shi. Majemun zamani da gishirin kuromiyam suke yi, da farar ƙasa da sinadarin cire gashi da gishiri mai yawa. Nau'in kuromiyam da suke amfani da shi ba shi ne mafi haɗari ba, amma a wasu irin ƙasa yana iya rikiɗa ya koma nau'in da ke bin ruwa da sauri, mai jawo ciwon daji. Masaƙu sun yi aiki da rini da soda da bilic da baƙin mai. Masu haɗa batir da masu narka tsohonsa, dalma. Duk inda aka yi garejin manyan motoci ko tsohon gidan mai, akwai tankin ƙarfe a binne, kuma ƙarfe a ƙasa tsatsa yake. Kowa ya ga launin rafin Getsi da ke ɗauko ruwan Bompai zuwa kogin Jakara, da rafin Salanta da ke ɗauko na Sharaɗa, da magudanar Makera a Kaduna. Waɗannan ido yana ganin su, an yi ta rubutu a kansu. Magudanar da ba a daɓe ba kuwa, wani kaso na abin da ta ɗauko cikin ƙasa yake tsiyayewa tun daga farkonta har ƙarshenta.

Ban tsaya nan don in ce wa kowa rijiyarsa guba ce ba. Aunawa ake yi sannan a faɗa. Amma ina so in gyara wani zato. Malamanmu sun karantar da mu cewa ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa don a san ko ya halatta a yi tsarki da shi, kuma wannan hukunci ne na ibada, yana nan daram. Sai dai ruwa zai iya cika waɗannan sharuɗɗa uku, garau kamar hawaye, alhali yana ɗauke da dalmar da za ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, ba ta fitar da ƙarfe. Ruwan ne ma ke raguwa, ƙarfen ya ƙara kauri. Alam yana kwantar da laka ne. Kuma mai ciki da jinjirin da ake dama wa koko da ruwan su ne kan gaba wajen cutuwa.

Dokoki muna da su. Akwai dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, akwai hukumar NESREA da aka kafa a 2007, wadda ta fitar da ƙa'idojin kula da ingancin ruwan sama da na ƙasa a 2011, ga kuma ma'aikatun muhalli na jihohi. Inda gibin yake shi ne ranar da fili ke sauya hannu. Tsohuwar masana'anta takan koma rukunin gidaje ko makaranta ko gidan fiyawata ba tare da an nemi takardar gwajin ƙasa da ruwa ba. A ganina kada hukumar filaye ta sa hannu a sauya amfanin irin wannan fili sai an kawo wannan takarda, kuma mai sayarwa ne zai biya, don shi ya ci ribar. Kuɗin rijiyoyin gwaji huɗu bai kai kuɗin fuloti ɗaya a irin waɗannan wurare ba. Sannan sakamakon kada ya tsaya a durowar ofis. A ba mai unguwa kwafi, a liƙa a ƙofar masallaci da asibitin sha-ka-tafi, da Hausa, da lambobin da iyakar da aka sa a gefensu. Jami'a kuma ta ajiye nata kwafin a inda sauyin gwamnati ba zai shafe shi ba.

Iyayenmu masu unguwanni, ku kuka san kowace tsohuwar masana'anta da ke ƙasarku, kun san gidajen da ke gangare da ita. Ku rubuta su, ku kai wa ma'aikatar muhalli a rubuce, ku ajiye kwafi mai hatimi da kwanan wata. Masu haƙa burtsatse, ku tambayi tarihin fili kafin ku kafa inji, kuma ku ji tsoron Allah a wurin toshiya. Wanda zai sayi fuloti a tsohon filin kamfani, ya tambayi me aka yi a wurin kamar yadda yake tambayar takardar mallaka. Ɗalibai da malamanku, ku zaɓi rijiyoyi goma kewaye da fili guda, ku auna su a wannan bazarar, ku koma bayan damina, waɗanda za su biyo bayanku su ci gaba da waɗannan rijiyoyin dai, kada su sauya.